Lambun ƙungiya ko na bayan ɗaki: wanne ya fi cika tukunya?

Malama, kin ce matan ƙauyenku sun tara ɗan kuɗi, kuma ra'ayi ya rabu: wasu na son a haɗu a yi babban lambu ɗaya, wasu na ganin kowace ta shuka nata a gida. Dukansu suna da hujja, amma ba yunwa iri ɗaya lambunan biyu suke kashewa ba.

Na cikin gida ba ya neman fili a wajen kowa. Zogale biyu ko uku a bayan ɗaki, rama da yakuwa a gindin katanga, kabewa ta hau danga, barkono a tsohon buhu. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwano ya ishe su, muddin ba mai sabulu da yawa ba ne. Matar da ke kulle, mai jego, har tsohuwa, duk za su iya. Abin da ya fi faranta min rai da shi, amfaninsa ba ya bi ta kasuwa. Da la'asar uwa ta tsinko zogale ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, yara su ci. Sai dai miya yake bayarwa, ba ya ba da tuwo. Ranar da rumbu ya ƙare ba zai sayo tiyar gero ba, kuma akuya ɗaya ta ishe shi in aka bar ƙofa a buɗe.

Na ƙungiya shi ne mai kawo kuɗi: albasa, tumatir, kabeji, latas, karas. A Nijar an rungumi noman rani sosai bayan farin 1984, zamanin Seyni Kountché, kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 sun nuna cewa asusun mata na iya ɗaukar nauyin sana'a. To amma ki zauna ki yi lissafin ruwa tukuna. A zafin bazara kowace murabba'in mita na iya shan lita 6 zuwa 8 a rana. Ke nan fili mai mita goma tsawo, goma faɗi, yana neman jarka 24 zuwa 32 masu lita 25, kullum ta Allah. In da guga za a ja daga rijiya mai zurfi, mata za su gaji kafin albasa ta yi kai. Ga kuɗin waya ta shinge, don ƙaya ba ta tare shanu da rani. Ga kuma faɗuwar farashi, tunda tumatirin kowa lokaci ɗaya yake nuna. A nan sai an koyi shanya shi, a yi gabu da ganyen albasa, a busar da kuɓewa don damina.

Abin da ya fi damuna shi ne fili. Sau da yawa aro ake ba mata, su zuba taki shekara biyu uku, ƙasa ta yi kyau, mai gona ya ce yana son abinsa. Shi ya sa masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, suka gwada ba mata faƙon da maza suka watsar, ana haƙa tassa (ƙananan ramuka) da ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama, a dasa zogale da magarya mai aure, a shuka kuɓewa da yakuwa a tsakani. Ko faƙo ne, kada ku kai taki sai da takarda. A Nijar dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye, Cofo, masu rubuta aro ko kyauta. A Najeriya ku je gaban dagaci da shaidu, a rubuta shekaru nawa aka ba ku.

Shawarata, ku fara da na gida a wannan daminar. Ku sayi iri tare, ku raba dashen zogale gida-gida, kuɗinsa kaɗan ne. Sauran kuɗin ya zauna a asusu har ku samu fili mai takarda kusa da fadama ko rijiya marar zurfi. In kun fara na ƙungiya, kowace mace a yanka mata kwaminta, rijiya da shinge kawai su zama na kowa, kuma ku ajiye doka tun farko cewa sai an cire na ci a gida kafin a kai kasuwa.