Ragowar Tuwo, Girkin Gida ko Abincin Buhu: Me Za Ka Ba Karenka?

A Zariya yawanci don gadi ake ajiye kare, wasu don farauta, kuma abincinsa bai wuce abin da ya kwana a tukunya ba: ƙanzon tuwo, guntuwar shinkafa, a yarfa miya a kai. Ba ka kashe ko sisi ba, amma illar tana cikin miyar. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma wace miya ce tamu babu albasa? Ba rana ɗaya abin yake nunawa ba. Sai ka ga kare ya yi laƙwas, ka ɗaga leɓensa ka tarar dasashi ya yi fari. Tuwo zalla kuwa cika ciki ne kawai.

Ni girkin gida na fi yarda da shi, in mutum zai jure wahalar. Ka yi sammako zuwa mahauta ka sayi tumbi da huhu da ’yar hanta kaɗan, ko kan kifi a kasuwar Sabon Gari. A dafa sosai, ba gishiri, ba barkono, ba dunƙule. Dafawar ba ado ba ce: ɗanyen huhu da hanta kan ɗauko tsutsar ciki, kare ya kamu, ta bi kashinsa ta kai ga yaran gida. A haɗa da shinkafa ko dankali, kabewa ko karas, wani lokaci ƙwai. Giɓin wannan girki shi ne sinadarin kalsiyam, don nama ba shi da isasshe; ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka lukui yana taimakawa. Ƙashin kaza dafaffe kuwa kada ka yarda, tsagewa yake yi kamar tsinke ya soki hanji. Kuma da yadda wuta take, girkin kwana biyu ya isa, firij ba abin dogaro ba ne.

Busasshen abinci na buhu shi ne hutu. Pedigree da Royal Canin farashinsu dala yake bi, Binggo da ake yi a Jos ya fi sauƙi. Kafin ka biya, juya buhun ka karanta. Ma'aunin da ake bi a Amurka ya ce furotin kada ya gaza kashi 18 cikin 100 ga babban kare, 22.5 ga kwikwiyo. Duba ranar lalacewa, sannan ka sansana. Wanda aka farke buhu ana aunawa a leda, bar shi, musamman da damina: masarar ciki kan yi fumfuna, gubarta kuma hantar kare take ci.

Na gwangwani kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, ga tsada. Sai dai ga mara lafiya ko tsohon da haƙora suka zube.

Duk wanda ka zaɓa, canjin ya ɗauki kamar kwana 7, kana gauraya sabo da tsoho, in ba haka ba zawo. Kwikwiyo sau 3 ko 4 a rana, babba sau 2, ruwa kuma kada ya yanke da bazara. Goro, cakulan da inabi guba ne gare shi, a gargaɗi yara. Mai kwikwiyon babban jinsi, irin na ’yan sanda, gara ya kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a auna nauyinsa a tsara masa abinci, don kalsiyam in ya yi yawa shi ma yana lalata ƙashin mai tasowa.