Sharhi kan gyaran injin Corolla da ya sha ruwan damina a Kano

Garejin da ya gyara mini mota bayan injinta ya sha ruwa ya cancanci yabo a kan abu guda wanda ya yi ƙaranci a sana'ar kanikanci, wato yin bincike kafin yanke hukunci. Akwai inda suka gaza, kuma zan faɗa, amma wannan halin nasu shi ne ya raba ni da sayen injin da ba na bukata.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, mai giya mai sarrafa kanta. A cikin watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Kano, ta mutu a tsakiyar wani kwari da ruwa ya taru, bayan da wata babbar mota ta wuce da gudu ta turo igiyar ruwa har saman bonet. Matasan unguwa suka taimaka aka turo ta gefe, aka cire kan batir, aka kira janwe. Bakaniken farko da na yi wa waya bai ko ga motar ba ya ce injin ya buga, sai dai a je Kofar Ruwa a nemo na Beljiyam. Wannan saurin yanke hukunci ne ya sa na kai ta wani garejin da wani abokin aiki ya yi mini kwatance.

Maigidan garejin ya fara da tambaya ɗaya: "Alhaji, tun da ta mutu, an sake murɗa makulli?" Da na ce a'a, sai ya ce, "To, da sauran magana." Ya buɗe akwatin matatar iska, ya ciro matatar tana ɗiga, ya nuna mini ruwan da ya kwanta a ƙasan akwatin da yashin da ya biyo shi. Ya zaro sandar awon baƙin mai, sai ga man ya koma kamar shayin da aka cika wa madara. Daga nan ya sa yaransa suka cire kwayil huɗu da falogi huɗu, ya ɗora sifana a kan fulin kiranshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin, ya juya injin da hannu a hankali yana sauraro. Sai da ya tabbatar injin yana zagayawa ba tare da cijewa ba, sannan ya cire fiyus ɗin famfon fetur ya ba injin wuta, ruwa ya yi tsartuwa daga ramuka biyu har ya jiƙa cikin bonet.

Bayanin da ya yi mini a wannan gaɓar ya fi komai amfani a gare ni. Injin wannan motar lita 1.8 ne mai silinda huɗu, kuma fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin kowace silinda, yana matse iska da fetur har su koma kashi ɗaya cikin goma na girmansu. Sararin da ke saura a saman fistin idan ya kai ƙarshen hawa bai wuce cin cokalin abinci uku zuwa huɗu ba. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, saboda haka idan ruwan da ya shiga ya wuce wannan ɗan sararin, fistin zai tsaya cak alhali kiranshaf yana ci gaba da tura shi, kuma ƙarfen da ke haɗa su, wanda kanikawa ke kira kwanrod, shi ne zai lanƙwashe ko ya karye ya huda jikin injin. Dalilin da ya sa sake tayar da motar da ta mutu a cikin ruwa yake da haɗari ke nan.

Wani bakaniken da ya ga ruwa ya fita zai mayar da falogi, ya canza mai, ya karɓi kuɗinsa, domin motar za ta tashi. Wannan bai yi haka ba. Ya zura doguwar sanda ta ramin kowane falogi ya auna iya inda fistin ke kaiwa, ya sa alama, sai na uku ya kasa kamo 'yan'uwansa da ɗan kaɗan. Ya ɗauko ma'aunin matsi ya gwada, silindar ta uku ta sake nuna rauni. Ya ce kwanrod ɗin ya lanƙwashe, kuma idan aka bar shi motar za ta yi tafiya tana karkarwa har ranar da zai karye a kan hanya. Da aka buɗe injin ya ajiye kwanrod ɗin kusa da lafiyayye a kan benci, na ga lanƙwasar da idona, ƙarama ce amma ba ta ɓuya. Aka sauya shi, tare da ringi da mital da gaskit, aka wanke yashin da ke cikin kaskon mai. Gaba ɗaya abin da na kashe bai kai rabin kuɗin da aka faɗa mini na injin Beljiyam ba, kuma injin da na san tarihinsa ya fi mini wanda ban san wahalar da ya sha ba.

Sun zuba sabon mai, kimanin lita 4, suka bar injin ya yi zafi, suka zubar, suka sake zuba wani da sabuwar matata, domin danshi ba ya fita a zubi ɗaya. Sun duba man giya suka same shi ja garau, don haka ba su taɓa shi ba, ba su kuma caje ni kuɗinsa ba. Wannan gaskiyar ta burge ni.

Inda suka gaza shi ne duk abin da ba inji ba. Ruwa ya shiga cikin motar, kuma a ƙarƙashin kafet akwai soso mai riƙe ruwa da wayoyin lantarki, amma ba su ɗaga kafet ɗin ba, ba su kuma ce mini in kai a ɗaga ba. Wari ne ya sanar da ni, sai da aka cire kujeru aka shanya komai a rana. Bayan karɓar motar kuma fitilar gargaɗin inji ta kama, motar ta riƙa sheshsheƙa idan an taka totur. Da na koma aka jona kwamfuta, sai ta nuna na'urar auna iskar da ke bayan matata, wadda laka ta bushe a kanta. Sun wanke ta da feshin da aka tanada don haka ba tare da sun karɓi ko kwabo ba, sai dai wannan abu ne da ya kamata a duba tun farko, tunda ta nan ruwan ya bi. Haka kuma ranar da aka yi mini alkawari ta zo ta wuce ba tare da an kira ni ba, kuma babu takardar da aka rubuta kayan da aka saya da farashinsu, sai da na nema.

Akwai wani al'amari da ya kamata masu mota su sani, ko da yake ba laifin gareji ba ne. Inshorar da akasarinmu muke yanka, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motar gida tun daga Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wani ne kawai, ba ta biyan gyaran motarsa. Saboda haka duk kuɗin wannan aikin daga aljihuna ya fita.

Tun bayan gyaran injin yana tashi da murɗawa ɗaya, ba ya hayaƙi, ba ya shan mai, kuma zafinsa bai taɓa wuce inda ya saba tsayawa ba, har a doguwar tafiya zuwa Kaduna. Zan sake kai musu aikin inji ba tare da wata fargaba ba. Aikin lantarki da na cikin mota kuwa zan nemi wanda ya ƙware a kansu daban, kuma zan bukaci a rubuta mini lissafi kafin a kwance ko da noti ɗaya.