Sashen wankin ƙoda da ya riƙe Yaya wata 14

Wata 14 na yi ina ɗauko yayana daga Ƙofar Marusa zuwa wani sashen wankin ƙoda a nan Katsina, kafin Allah ya nufa a yi masa dashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda suka fara wannan aiki tun 2002. Masu tambayata ko sashen na Katsina yana da kyau, amsata ita ce e, ku kai naku.

Abin da ya saye zuciyata wata ma'aikaciyar jinya ce. Ran da jinin Yaya ya yi ƙasa, leɓensa ya yi fari fat, na matsa a ƙara masa jini. Ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ba dashe kuke niyya ba? Duk ledar jinin da ta shiga jikinsa tana iya koya wa jikin faɗa da ƙodar wani. In ba dole ba, mu bi ta allurar ƙarin jini." Allurar tana da tsada, mun ji a jikinmu, amma da aka zo gwada jininsa da na ƙanenmu da ya ba da ƙodar, sai suka dace.

Haka kuma ba su bar shi da robar wuya ba, wato robar da ake sakawa a jijiyar wuya don haɗa shi da injin wankin, wadda ke saurin kawo ƙwayar cuta. Sun sa an haɗa masa jijiya a hannun hagu, don a riƙa wankin ta nan. Har yau in ka ɗora yatsa a wurin za ka ji yana zir-zir. Masu ciwon hanta injinsu daban yake, na gani da idona.

Inda suka ɓata mini rai shi ne babu wanda ya taɓa gaya mana wankin iri biyu ne. Na inji muka sani, wanda ake zaman awa huɗu, sau uku a mako ga mai hali. Mu sau biyu muka iya. Sai a Kano wani likita ya yi mana bayanin na ciki: a dasa siririyar roba a cikin mutum, a zuba ruwan magani kamar lita biyu, a canza wajen sau huɗu a rana, a gida. Ya ce masu irin wannan, sabuwar ƙodarsu kan fi saurin fara aiki bayan dashe, ko da yake in an yi shekaru bambancin ba shi da yawa. Wanda ya fi yin illa, in ji shi, shi ne daɗewa ana wankin, kowane iri ne. Na san ruwan yana da wuyar samu a ƙasar nan, wataƙila ma ba mu iya ba. Duk da haka haƙƙinmu ne a faɗa mana, da ma mun gaggauta neman kuɗin dashen.

Layi akwai shi. Ku yi sammako bayan asuba, ku tafi da bargo don ɗakin akwai sanyi, kuma tun zuwan farko ku faɗa musu dashe kuke nufi, a rubuta a katinku.