Sikelin awon nauyi da ba ya kai rahotonka waje: wanne za ka saya?

Duk wanda ya kafa 'yar kwamfutarsa a gida, ko Raspberry Pi ce (kwamfuta ƙarama kamar tafin hannu) ko tsohuwar laftof da ya ɗora wa Home Assistant, manhajar da ke sarrafa na'urorin gida daga cikin gidan, ya san dalilin da ya sa ya sha wannan wahala. Yana son abin da ya faru a cikin gidansa ya tsaya a cikin gidansa. To sikelin awon nauyi na zamani yana cikin na'urorin da suka fi saurin karya wannan ƙa'ida. Kafin ya nuna maka komai, manhajarsa za ta nemi adireshin imel, da ranar haihuwa, da tsawonka, da ko namiji ne ko mace. Daga nan duk safiyar da ka hau, awon ya tafi rumbun adana bayanai na kamfani a wata ƙasa. Wanda ya duba wannan jerin lambobi na wata shida zai iya gane mai ramewa saboda ciwo, zai iya gane matar da ke da juna biyu tun kafin dangi su sani. Ba ƙaramin sirri ba ne. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, amma doka ba za ta bi awon matarka zuwa wani rumbu a ƙetare ta dawo maka da shi ba.

Ni abu guda nake fara tambaya: idan kamfanin ya rufe gobe, ko ya canza ra'ayi, sikelin zai ci gaba da ba ni lambobina? Wannan tambaya ba daga karatu na samo ta ba. Na taɓa amfani da wani sikeli da manhajarsa ke aiki lafiya ba tare da rajista ba. Wata rana aka sabunta manhajar, sai ta ce ba shiga sai da asusu, tarihin awon da na tara a wayata kuma ya koma bayan wannan ƙofa. Babu maɓallin fitar da shi. Tun daga lokacin duk sikelin da ba zan iya karanta shi da manhajar da ba ta kamfaninsa ba, ba na ko kallonsa, komai kyan gilashinsa. Kuma irin wannan ba a kaina aka fara ba. A 2020 kamfanin Under Armour ya rufe manhajar UA Record, masu sikelinsa suka wayi gari da abin da ba ya iya aika awo ko'ina. Kamfanin ne kuma mai MyFitnessPal, manhajar lissafin abinci da motsa jiki, lokacin da aka sace bayanan asusu kusan miliyan 150 a 2018.

Wanda na zaɓa, kuma wanda nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, shi ne Xiaomi Mi Body Composition Scale 2, mai lambar samfuri XMTZC05HM. Na san wani zai ce Xiaomi da maganar sirri ina suka haɗu? Gaskiya ne, amma abin da ya sa wannan sikeli ya fita daban shi ne ba shi da Wi-Fi sam. Ba shi da hanyar fita intanet da kansa. Abin da yake yi shi ne, da zarar ka hau, sai ya riƙa watsa ɗan gajeren saƙo ta Bluetooth, baiti 13 kacal, a ciki akwai kwanan wata da lokaci, da nauyinka, da irin turjiyar da jikinka ya yi wa ɗan lantarkin da ya ratsa ta tafin ƙafarka. Saƙon a buɗe yake, ba a kulle shi ba. Duk na'urar da ke sauraro a kusa za ta ɗauka. Manhajar kamfanin, Zepp Life, wadda a da ake kira Mi Fit, ba dole ba ce ko sau ɗaya. Ka fito da shi daga kwali, ka sa batir huɗu ƙanana masu lambar AAA, shi ke nan ya fara magana. Yana ɗaukar nauyi har kilo 150.

Hanyoyin karɓar saƙon suna da yawa, kuma a nan ne daɗin abin yake. Idan kwamfutar da ke ɗauke da Home Assistant tana da Bluetooth kuma tana kusa, tsarin Xiaomi BLE da ke cikinsa zai gano sikelin da kansa ya tambaye ka ko a ƙara shi. Idan kwamfutar na falo sikelin kuma na ɗaki, bango biyu a tsakani, sai ka sayi 'yar na'urar ESP32 mai Wi-Fi da Bluetooth, ka ɗora mata ESPHome, manhajar da ke haɗa ta da Home Assistant, ka maƙala ta a soket kusa da sikelin ta riƙa miƙa saƙon. Mai son komai ya bi ta MQTT, wata hanyar aika saƙo tsakanin na'urori, yana da manhajar Theengs Gateway ko OpenMQTTGateway, duka biyun sun san harshen wannan sikeli. Nauyi da turjiya kawai sikelin ke bayarwa. Lissafin kitse da tsoka da ruwan jiki a manhaja ake yinsa, don haka masu Home Assistant ke ƙara tsarin Bodymiscale ta hanyar HACS, wurin sauke ƙarin tsare-tsaren da masu amfani suka rubuta, su ba shi tsawo da shekaru, ya yi lissafin a cikin gida.

Wanda kuma ba ya son dogon turanci, openScale ta ishe shi. Manhajar Android ce da kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta, ana samunta a F-Droid, shagon irin waɗannan buɗaɗɗun manhajoji, ba ta neman asusu, kuma ba ta da izinin shiga intanet ma. Tana adana awon mutane da yawa a waya ɗaya, tana fitar da shi a fayil ɗin CSV, wanda ake buɗewa da irin su Excel, duk lokacin da ka so. Akwai wani amfani nata da ya shafe mu kai tsaye. Saƙon da sikelin ke watsawa na ɗan lokaci ne, idan an ɗauke wuta kwamfutarka ko ESP32 ɗin na kashe, awon wannan safiyar ya wuce su. Amma sikelin yana ajiye awon baya a cikinsa, openScale kuma tana iya haɗuwa da shi ta kwaso. Saboda haka ni duka biyun nake riƙewa, kuma ina ba mai zama inda wuta ba ta tsayawa shawarar ya yi haka.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Saƙon da ba a kulle ba, maƙwabcin da bango ɗaya ya raba ku zai iya ɗauka idan ya san abin da yake nema. Babu suna a ciki, lamba ce kawai, kuma Bluetooth ba ya wuce 'yan mitoci ta cikin bango. Na auna wannan da tura tarihin iyalina kacokan zuwa rumbun da ban san mai riƙe da mabuɗinsa ba, na ga na farkon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Aibi na biyu, sikelin bai san wanda ya hau shi ba. Da tazarar nauyi ake raba mutane, wannan daga kilo kaza zuwa kaza na maigida ne, wancan na uwargida. A gida mai jama'a, inda samari biyu ke kusa da juna a nauyi, sai awo ya riƙa shiga layin da ba nasa ba, sai ka sa maɓalli ko sanarwa a waya mai tambayar wane ne ya hau.

Sabon da ya biyo bayansa, S400, a kula da shi. Ya fi kyau a ido, amma saƙonsa a kulle yake. Kafin Home Assistant ya karanta shi sai ka samo mabuɗin, mabuɗin kuma sai ka buɗe asusun Xiaomi, ka haɗa sikelin da manhajar Xiaomi Home, sannan ka zaro shi daga rumbunsu da wata manhaja ta daban. Bayan haka yana aiki a cikin gida, ba musu. Amma ka riga ka ba da abin da kake gudun bayarwa.

Sauran fa? Withings na Faransa suna ƙera sikeli mai inganci, kuma suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Turai, sai dai awonka ta Wi-Fi yake tafiya rumbunsu, daga can Home Assistant ke roƙo a ba shi. A farkon 2018, lokacin kamfanin na hannun Nokia, an cire wani awo na jijiyoyin jini daga sikelin Body Cardio ta hanyar sabuntawa, alhali mutane sun biya kuɗi da shi a ciki. Garmin Index S2 ba ya da amfani sai da Garmin Connect, manhaja da rumbun kamfanin, wanda 'yan kutse suka durƙusar na kwanaki a Yulin 2020. Fitbit kuwa na Google ne tun 2021, wannan kaɗai ya isa amsa. Eufy ya ɗan fi su, domin Home Assistant na da tsarin EufyLife da ke karanta irin su C1 da P1 da P2 ta Bluetooth a cikin gida, idan ka rasa na Xiaomi shi ne na biyu a wurina. Beurer BF700 da Sanitas SBF70 suna aiki da openScale, amma samunsu a kasuwanninmu sai an dace. Mai hannu a harkar waya da dalma zai iya fasa sikeli mai arha ya haɗa masa HX711, ƙaramar na'urar da ke karanta nauyi, da ESP32, zai samu nauyi kawai, kuma aikin ƙarshen mako ne.

Maganar kitsen jiki, kada ka biya ƙarin kuɗi don lambobi goma sha da ake rubutawa a kwali. Duka daga turjiya ɗaya ake lissafo su, turjiyar kuma tana bin ruwan da ke jikinka. Awon da ka yi da la'asar a watan azumi cikin zafin Afrilu ba zai yi daidai da na bayan buɗa baki ba, ba kuma don kitse ya narke ba. Ka riƙa hawa lokaci ɗaya kullum, da safe, ƙafa ba takalmi, a kan tayil ko siminti marar gargada, ban da kafet ko tabarma. Kada ka ajiye shi a banɗakin da ruwa ke kwanciya. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya hau irin wannan sikeli ko kaɗan, mai juna biyu kuma ta fara tambayar likita.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Sunan Xiaomi ya yi kasuwa, don haka jabu ya cika shaguna da shafukan saye da sayarwa. Cuta ta farko ma ba jabu ba ce, musanya ce. Akwai Mi Smart Scale 2, mai lamba XMTZC04HM, na gaske ne, amma nauyi kawai yake aunawa. Sai mai kaya ya sa hoton XMTZC05HM, ya karɓi kuɗinsa, ya aiko maka da wannan. Bambancin a ido yake: na awon jiki yana da faranta huɗu na ƙarfe masu zagaye a saman gilashin, inda kake taka ƙafa, ɗayan kuwa fari ne sumul. Ka juya sikelin ka karanta lambar da ke ƙasansa. Ta kwali ba hujja ba ce, kwali ana canza shi.

Cuta ta biyu ita ce farin sikeli mai kama da shi sak, wani lokaci har da tambarin Mi, amma takardar cikin kwalin na cewa ka sauke wata manhaja daban, irin su OKOK ko Fitdays. Manhajoji ne da sikeloli marasa suna da yawa ke amfani da su. Da ka ga haka ka san ba Xiaomi ba ne, kuma Home Assistant ba zai gane shi a matsayin Xiaomi ba. Wasu a cikinsu faranta ƙarfen ado ne kawai, babu waya a ƙarƙashi, manhajar ce ke ƙirƙiro kitsen daga nauyi da tsawo. Gwajin wannan mai sauƙi ne: ka hau da safa mai kauri. Sikelin gaske zai ba ka nauyi ya kasa ba ka turjiya. Wanda ya ba ka cikakken lissafin kitse da safa a ƙafarka ƙarya yake yi. Cuta ta uku ita ce sikelin da aka yi amfani da shi aka mayar kwali aka naɗe da leda kamar sabo. Buɗe murfin batir ka duba ko akwai tsatsa ko farin gari, ka duba ƙafafunsa huɗu ko sun ci ƙasa.

Kada ka ji kunyar gwadawa a gaban mai shago. Ka tafi da batirinka, ka sauke nRF Connect a wayarka, manhajar kyauta ce ta kamfanin Nordic Semiconductor da ke nuna duk na'urar Bluetooth da ke kusa. Ka hau sikelin ka duba. XMTZC05HM na fitowa da sunan MIBFS, saƙonsa kuma na ɗauke da lamba 181B, wadda ita ce alamar awon jiki. Mai nauyi kawai 181D yake nunawa. Suna ana iya kwaikwayonsa, don haka ka ƙara da openScale, ka ga ta haɗu ta kuma kawo kitse da ruwa. Mai kayan da ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa, ka yi gaba. Wanda zai saya ta intanet ya nemi a turo masa hoton ƙasan sikelin da lambar a bayyane, ya zaɓi biya bayan karɓa idan akwai, ya kuma ɗauki bidiyon buɗe kwalin daga farko har ƙarshe, domin shi ne hujjarsa idan za a mayar.

Akwai abu ɗaya da ke sa mutane su ɗauka an cuce su alhali ba a cuce su ba. Wanda aka yi don kasuwar Sin yakan zo a saite da ma'aunin jin, wanda rabin kilo ne, sai mai kilo 70 ya ga 140 a fuskar sikelin ya tsorata. Kayan lafiyarsa ƙalau. Ka haɗa shi da openScale, ka zaɓi kilo a bayanan mai amfani, za ta aika wa sikelin umarni ya koma kilo, ta kuma gyara masa agogo a lokaci guda.