Ledar Baader AstroSolar: ta yi wa mai neman tabon rana

Kamfanin Baader Planetarium na Jamus ne ke yin wannan leda mai ƙyallin azurfa, kuma wajen kallon baƙaƙen tabon da ke fuskar rana da wuya a samu wadda ta kai ta a irin kuɗinta. Iri biyu ce, nan ne mai saye zai buɗe ido. Mai lamba OD 5.0 (OD ma'aunin ƙarfin tare haske ne) tana rage haske sau 100,000, ita ce ta kallo da madubin hangen nesa. Mai lamba 3.8 ta ɗaukar hoto ce kawai, wanda ya leƙa ta cikinta yana iya rasa ganinsa.

Ƙaramin fallen santimita 20 ne da 29. A yanka zobe biyu na kwali, a sa ledar tsakani, a haɗa da salatif mai manne ta fuska biyu, sannan a yi mata marfin da zai kama gaban madubin gam. Gaba, inda haske ke shiga, ba wajen da ake sa ido ba. Kada a ja ta ta yi tauri kamar fatar ganga, hoton zai lalace. 'Yar tattarewa ba ta ɓata komai. Kafin kowane kallo a ɗaga ta sama a duba huji. A ɗaure marfin kada iska ta cire shi, a rufe ƙaramin madubin saiti da ke jikin babban. Hazon hunturu ba kariya ba ne, ko da rana ta yi dishi-dishi.

Hoton da take bayarwa fari ne tas. Baƙin tsakiyar tabo da toka-tokan da ya kewaye shi suna fitowa raɗau, musamman da hantsi kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara rawa. Tabon kan yi baƙi ne don bai kai kewayensa zafi ba, zafin kewayen kuwa kusan digiri 5,500 ne a ma'aunin Celsius. Mai bibiya kullum zai ga ya ratsa fuskar rana cikin kamar mako biyu.

Inda ta gaza: fashewar rana, wato tartsatsin haske mai ƙarfi da ke tashi kwatsam a fuskarta, da harsunan wutar gefenta. Waɗannan sai madubi na musamman irin Coronado PST ko Lunt, mai tace jan hasken haidurojin, kuma kuɗinsa ya ninka nata sau da yawa. Fashewar da ake gani a farin haske, irin wadda masanin taurari ɗan Ingila Richard Carrington ya gani ranar 1 ga Satumba 1859, ba kasafai take faruwa ba. Ledar kuma ba ta jure wulaƙanci: a ajiye ta a kwali mai murfi, nesa da ƙura da yatsu.