Foldscope: madubin takarda da ya nuna mana bututun ruwan tsiro

Gaskiya da aka kawo min Foldscope ɗin nan ban ɗauka zai yi abin kirki ba, takarda ce fa kawai ake naɗewa da 'yar ƙwayar gilashi a tsakiya. Manu Prakash da Jim Cybulski ne suka ƙirƙiro shi a jami'ar Stanford ta Amurka, yana ƙara girman abu sau 140. Na yanka ɗanyen karan masara siriri da reza, na ɗiga jan rinin safranin, na ɗaga wajen haske, wallahi sai ga bututun da ke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye, wato zailem, wasu da zobe-zobe wasu a murɗe kamar sifirin.

Nan ne ɗalibaina suka gane abin da na daɗe ina faɗa musu, cewa bututun nan matattun ƙwayoyin halitta ne, sai sun gina katanga mai kauri ta lignin, wato sinadarin da ke sa itace tauri, sannan su kashe kansu su bar rami, kuma ba haka kawai ba, akwai ƙwayoyin gado, wato jin (gene), da ke ba da umarni. A 2005 masu bincike a Japan suka nuna a wani ɗan tsiro mai suna Arabidopsis cewa jin da ake kira VND7 ke sa a yi bututun da ke fara fitowa masu zobe da murɗi, VND6 kuma na baya masu raga da ramuka. Jin ɗin ba za ka gan shi a madubi ba, amma aikinsa ga shi ƙarara.

Sai dai yankan yana son haƙuri, in ya yi kauri duhu kawai za ka gani. Malamai 'yan'uwana, ku nemi Foldscope ɗin nan don Allah.