Had disk na waje mai tera 4: abinda na gani bayan na daɗe ina aiki dashi

Wannan sharhin akan had disk ɗin waje ne mai tera 4, irin ƙaramin nan mai inci 2.5 da ake jonawa da kebul ɗin USB kawai ba sai an haɗa mishi wuta daban ba. Aikina bidiyo ne da hotuna, kuma duk wanda yake wannan harkar yasan yadda fayil suke cinye wuri, laftof ɗina ta cika har ta fara nauyi, shine na nemi inda zan riƙa zuba ayyukan da na gama. Mutane suna yawan tambaya wai har yanzu akwai amfanin sayen mai faifai tunda ga SSD, wato ma'ajiyar da bata da faifai ko wani abu mai motsi a ciki, to amsata itace akwai, sosai ma, amma sai kasan me ka saya da kuma aikin da zaka bashi.

Farkon abinda zai ɗaure maka kai in ka jona shi a Windows shine zakaga 3.63 TB maimakon 4. Ba cuta bace kuma ba lalacewa yayi ba. Masu ƙerawa suna lissafi da 1000 ne, wato tera 4 a wajensu bayit 4,000,000,000,000 kenan, ita kuma Windows tana rabawa da 1024, sai lambar ta sauko. Wurin yana nan yadda aka ce, hanyar ƙirgawa ce ta bambanta. Nawa yazo da fomat ɗin exFAT, wato tsarin da ake jera fayil dashi a ciki, na barshi a haka dan ina jona shi a Windows da Mac duka, in da NTFS ne Mac zata karanta amma bazata rubuta ba sai da wata manhaja. FAT32 kam kar ma ka fara in kana da manyan bidiyo, fayil ɗaya baya wuce gig 4 a kanshi.

Saurin shi a manyan fayil ya gamsar dani. In na tura bidiyo mai gig 20 ko 30 yana tafiya tsakanin megabayit 110 zuwa 130 a sakan, ƴan mintuna an gama. Amma ranar da na tura foldar da ke cike da ƙananan hotuna da takardu dubbai, nan naga ɗaya fuskar tashi, sauri ya faɗo ƙasa warwas, wani lokacin ko mega 10 baya kaiwa, kana zaune kana jin ƴar ƙara ƙas ƙas ƙas a ciki. Dalilin kuwa a fili yake in kasan abinda ke cikin akwatin. Faifai ne na gaske masu sheƙi, an shafe su da wani siririn sinadari mai ɗaukar maganaɗisu, suna juyawa sau 5400 a minti wato sau 90 a sakan ɗaya, sannan akwai ɗan hannu mai ɗauke da kan karatu da rubutu yana kai da kawowa a samansu. Babban fayil a jere yake, kan ya tsaya wuri ɗaya faifan yana wucewa ta ƙarƙashinshi yana ɗiba. Ƙananan fayil kuwa kowanne sai hannun ya motsa ya nemo layin, sannan ya jira faifan ya juyo da wurin, kowane nema yana cin milisakan goma sha wani abu, to ka ninka wannan sau dubu hamsin kaga inda lokacin yake tafiya. SSD bashi da abinda yake motsi shi yasa wannan bata dameshi. Abinda nake yi yanzu in zan adana ƙananan fayil masu yawa, sai in dunƙule su a zip ɗaya tukuna in tura, bambancin ba kaɗan bane.

Wallahi duk sanda na ɗora tafin hannuna a kanshi naji wannan ɗan kaɗawar da ɗumin sai abin ya bani mamaki. Kan karatun nan baya taɓa faifan ko kaɗan, iskar da juyawar take tadawa ce take ɗaga shi, yana shawagi a tazarar ƴan nanomita, alhali gashin kai guda ɗaya kaurinshi ya kai nanomita 50,000 ko fiye. Kuma abin ba yau aka fara ba. Tun 1898 Valdemar Poulsen ɗan Denmak ya nuna ana iya naɗar murya a jikin wayar ƙarfe da maganaɗisu. Had disk na farko kuma IBM ce ta fitar a 1956 tare da kwamfutar RAMAC, ƙungiyar Reynold Johnson a San Jose ta Amurka suka ƙera shi, faifai 50 ne a jere kowanne faɗin inci 24, nauyin na'urar kusan tan guda, kuma duk wannan girman abinda yake ɗauka haruffa miliyan 5 ne, kusan megabayit 3.75. Hoto ɗaya na wayar yanzu zai iya cika shi. Wanda yake kan teburina ya ninka shi sau miliyan da ɗoriya kuma yana shiga aljihun jaka. A 1980 Seagate ta kawo ST-506 mai inci 5.25 da mega 5, wanda ya shigo da had disk cikin ƙananan kwamfutoci. Amma tsallen da yafi burgeni shine na 1988, lokacin da Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nashi ɗakin binciken, suka gano abinda ake kira GMR, wato in ka jera siraran shimfiɗun ƙarfe masu kaurin ƴan ƙwayoyin zarra, ɗan canjin maganaɗisu kaɗan sai ya canza yadda lantarki yake wucewa sosai. Wannan ne yasa kan karatu ya iya jin ɗigo ƙanana ƙwarai, IBM ta saka shi a had disk a 1997, su biyun kuma suka samu kyautar Nobel ta fiziks a 2007. Sai kuma dabarar Shunichi Iwasaki na jami'ar Tohoku a Japan, wanda tun shekarun 1970 yace a tsayar da ɗigon maganaɗisun a tsaye maimakon a kwance dan su ƙara matsuwa, amma bata shigo kasuwa ba sai 2005, kuma a 2007 Hitachi ta fitar da mai tera 1 na farko. Ni dai ina ganin mutanen nan basa samun yabon da ya kamata, kowa yasan sunan masu wayoyi da manhajoji amma waɗanda suka sa aka samu wurin ajiye komai ba'a cika ambatonsu ba.

To yanzu ga abinda yafi ɓata min rai, kuma shine babban dalilin wannan rubutun. Da na tashi kwashe tsofaffin ayyuka gaba ɗaya, sama da tera guda a zama ɗaya, farko lafiya lau yana gudu kamar yadda ya saba, can cikin tafiya sai naga layin saurin ya fara hawa da sauka, ya faɗo mega 30, ya faɗo 15, ya tsaya cak a sifili na ɗan lokaci sannan ya farfaɗo, lokacin da kwamfuta take nunawa ya rage sai ƙaruwa yake maimakon raguwa. Hankalina ya tashi dan na zaci lalacewa zaiyi da kayana a ciki. Ashe irin rubutun da yake amfani dashi ne, SMR. Kan rubutu yafi kan karatu faɗi, to dan a ƙara cusa bayanai sai ake rubuta layukan suna hawa gefen juna kamar yadda ake jera kwanon rufi, kowanne ya danne bakin na kusa dashi. Karantawa ba matsala. Amma in za'a canza layi ɗaya a tsakiya dole a sake rubuta na bayanshi duka a wannan yankin. Dan a ɓoye wannan jinkirin, had disk ɗin yana da wani ɓangare da yake fara zuba sabon abu a ciki da sauri, daga baya in ya samu hutu sai ya kwashe ya jera a inda ya dace. In ka turo abu mai yawa ba tsayawa ɓangaren ya cika, shikenan sai ka jira shi. Shi yasa ma bayan an gama kwafi zakaji yana ta aiki shi kaɗai fitilar tana ƙiftawa alhali baka taɓa komai ba, gyaran cikinshi yake, ni dai nakan barshi a jone har yayi shiru.

Fasahar kanta ba laifi bace, ita tasa aka samu wannan girman a ɗan ƙaramin jiki. Abinda ban ji daɗi ba shine ba'a rubuta a kwalin ba, ko a takardar ciki ban gani ba, sai da na nemo lambar samfurin na bincika. Mai saye yana da haƙƙin ya sani. In aikinka zubawa ne ka ajiye ka riƙa ɗaukowa jefi jefi, SMR bazai dameka ba. In kuwa kullum gogewa da sake rubutawa kake, ko zaka saka shi a NAS mai RAID, wato akwatin ajiya na netwok da yake haɗa had disk da yawa suyi aiki tare, to nemi mai CMR, wanda layukanshi basa hawa juna.

Wani abu kuma da na lura, tunda ya wuce rabi saurin ya ragu ko a manyan fayil. Wannan ma haka halittarshi take, yana fara cikawa daga bakin faifan ne ta waje inda da'irar tafi faɗi, kowane juyi ɗaya yana wuce bayanai da yawa, yana matsowa ciki da'irar tana ƙanƙancewa, a ƙarshe saurin yakan koma kusan rabi.

Na gwada yin editin kai tsaye daga kanshi, ban bada shawara ba. Bidiyo ɗaya mara nauyi zai tafi, amma da ka jera kilif da yawa da sauti da hotuna sai ya fara sarƙewa dan hannu ɗaya ne yake ta tsalle tsakanin fayil ɗin. Aikin da nake kai yana kan SSD, wanda na gama sai ya koma nan, haka na raba musu kuma tun daga lokacin bamu sake samun saɓani ba.

Kebul ɗin da yazo dashi gajere ne ƙwarai kuma bakinshi irin mai faɗin nan ne na micro-B mai tsagi a tsakiya, baya kama jiki sosai, in ka ɗan ja laftof sai kaji ƙarar cirewa. Wannan haɗari ne in ana cikin rubutu. Sannan tunda daga USB yake shan wuta, ramin da ka jona shi yana da muhimmanci, USB 3.0 yana bada miliamp 900 shi kuma 2.0 yana bada 500, na taɓa jona shi a wani hob, abin nan mai ƙara yawan ramukan USB, mara wutar kanshi sai ya riƙa yin ƙit ƙit yana son tashi ya kasa, ina maida shi jikin laftof kai tsaye ya tashi lafiya. Dan haka in naka yayi wannan ƙarar kar ka yanke hukunci ya mutu, fara canza rami da kebul tukuna.

Maganar faɗuwa kuma ba wasa. In a kashe yake, hannun yana komawa gefe ya fake, zai iya jure ɗan bugu. Amma in yana juyawa ya faɗo daga tebur, kan zai iya dukan faifan ya kankare wurin, kuma abinda aka kankare baya dawowa. Ni ko ɗaga shi bana yi in fitila tana kunne, kuma kullum sai nayi ijet, wato na sallame shi daga cikin kwamfuta, naji juyawar ta tsaya sannan in zare. Masu tsoron ƙaramin maganaɗisu irin na jikin firij ko murfin jaka su kwantar da hankali, a cikin had disk ɗin kanshi akwai maganaɗisu mai ƙarfi na niyodimiyam wanda yake tuƙa hannun, bugu da jijjiga sune abokan gabarshi na gaske.

Ta ɓangaren kuɗi, in ka raba da yawan tera har yanzu mai faifai yafi SSD sauƙi nesa ba kusa ba, shi yasa manyan rumbunan bayanai na duniya basu rabu dashi ba. Kuma ba'a daina ƙirƙira ba, a 2013 kamfanin HGST ya fitar da wanda aka cika da iskar hiliyam aka rufe ruf, mai tera 6, dan hiliyam tafi iska sauƙi sai faifan su juya ba tirjiya a kuma ƙara yawansu. Yanzu kuma ga HAMR, inda ɗan ƙaramin lesa a jikin kan yake ɗumama ɗigon na ƙiftawar ido kafin a rubuta, Seagate ta kai tera 30 da wannan. Ina fatan wata rana irin wannan ya sauko kan ƙananan da muke saye.

Duk da na yaba mishi, ban yarda in bar abu mai muhimmanci a kanshi shi kaɗai ba, kuma ku ma dan Allah kar kuyi. In ka kwashe hotuna daga laftof ka zuba nan ka goge na can, wuri kawai ka canza musu, kwafi ɗaya ne dai har yanzu, kuma na'ura ce mai inji da abin juyi wadda dole wata rana ta gaji. Ayyukan da bazan iya sake yi ba suna nan, suna kan wani had disk na biyu da nake ajiyewa a wani wuri daban, mafi muhimmancin ciki kuma na ɗora a intanet.

In ka saya sabo, kafin ka amince mishi ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka duba bayanan SMART da had disk ɗin yake rubutawa akan lafiyar kanshi. Layi biyu nake fara kallo, 05 wanda yake ƙirga wuraren da suka lalace aka musanya su, da C5 wanda yake ƙirga waɗanda ake zargi. Nawa duka sifili ne har yanzu, zafin shi kuma yana tsayawa wajen digiri 40 in ana dogon kwafi. In sabo ne kaga ɗaya daga cikin lambobin nan ya motsa daga sifili a makonnin farko, kwashe kayanka ka maida shi tun garanti bai ƙare ba.